Amanar da Aka Kwashe Ba a Ɓalle Kwaɗo Ba

Na ga abubuwa da yawa a shekarun nan da daji ya lalace mana. Wasu na manta da su da gangan, wasu kuma Allah ya taimake ni suka shuɗe da kansu. Amma abin da ya sami taubashina a kan wata murya da aka ba shi ajiya, wannan kam ko na so ba zai bar kaina ba, da shi za a kai ni kushewa.

Ɗan gwaggona ne, ni ɗan namiji shi ɗan mace, don haka tun muna yara nake kiran sa bawana, shi kuma ya ce ubangidan da bai taɓa ciyar da bawa ba ai abin tausayi ne. Gidanmu gidan fawa ne a Talata Mafara, amma mu biyun nan muka guje wa wuƙa. Ni na yi karatun kwamfuta na samu koyarwa a wata makaranta a Bakura, shi kuma ya buɗe shagon caji da turi a bakin kasuwa, yana tura wa mutane wa'azi da waƙoƙi da finafinai a memori. Halinmu bai zo ɗaya ba ko kaɗan. Ni mai saurin baki ne, kafin a gama tambaya na ba da amsa har da ƙari. Shi kuwa sai ka gaishe shi ka je ka sha ruwa ka dawo kafin ya gama amsawa. Wannan sanyin nasa ne ya sa mutane suka yarda da shi.

A lokacin wata al'ada ta shigo mana wadda wahala ce ta haife ta. 'Yan bindiga in sun tare hanya ba kuɗi kaɗai suke nema ba, har waya suke karɓa su bincika. In suka ga hoton soja, ko hoton wani ɗan sa-kai, ko saƙon murya da aka ambace su a ciki, to mai wayar sai dai addu'a. Sai mutanen ƙauyukan Maradun suka ɗauki dabara: in sun shigo Mafara ranar kasuwa, kafin su juya gida sai su biya shagon taubashina su sauke duk abin da ke cikin wayar, su koma da ita wayam, daga karatun Alƙur'ani sai waƙar noma. Sauke waya ake ce wa abin. Hotunan 'ya'ya, muryoyin 'yan'uwa da suka yi gudun hijira, bidiyon shanun da aka kore wa mutum, duk nan ake barin su.

Bai ɗauki amanar nan da wasa ba. Ya raba faifan kwamfutarsa gida biyu. Ɓangare ɗaya na waƙoƙi ne, a buɗe yake, kowa na iya zama a kujera ya zaɓi abin da yake so ya tura da kansa. Ɗaya ɓangaren na ajiya ne, kowane mutum da foldarsa, kuma ba mai shiga sai shi da lambar sirrinsa. Sannan ya yi rantsuwa cewa kwamfutar nan ba za ta taɓa hawa intanet ba, don a ganinsa ɓarawon kwamfuta ta nan kaɗai yake shigowa. Na taɓa zama na gwada tsarin nasa don in samu abin tsokana, na bi ta kujerar baƙi na ƙwanƙwasa kowace folda, ko ɗaya ba ta buɗe ba. Na ce masa bawana ya yi hankali. Ya yi murmushi.

Cikin masu sauke waya akwai wani dillalin shanu daga wani ƙauye da ke bayan Gidan Goga. Mahaifinsa dattijo ne da ake jin maganarsa a garin. Da kaka ta zo, 'yan bindiga suka aiko cewa a tura musu samari su girbe musu gona, kamar yadda suka saba. Aka taru a zauren dattijon, ya ce shi dai a wannan karon ba ɗansa ba jikansa, kuma yana ganin a nemi jami'an tsaro a nuna musu hanyar da 'yan bindigar ke bi su sha ruwa. Ɗan nasa ya naɗi maganar a waya, don ya kai wa danginsu da suka gudo Mafara su ji daga bakin tsohon, tunda sabis ya daɗe da ɗaukewa a yankinsu. Ya cire memorin ya ɗinke a bakin hularsa ya shigo da shi. Ya kunna wa dangi suka saurara, bai tura wa kowa ba. Daga nan ya kai shagon taubashina aka sauke, aka goge memorin a gabansa. Ya ce a ajiye masa har ƙanensa ya dawo daga Kudu shi ma ya ji.

Ba a jima ba 'yan bindigar suka shiga ƙauyen da rana tsaka. Waɗanda suka tsira sun ce ba su yi harbi da farko ba. Sun fito da dattijon ƙofar gidansa, suka zaunar da shi, ɗayansu ya ciro waya ya kunna masa muryarsa, tun daga bisimilla har ƙarshe, jama'a na tsaye suna ji. Suka tambaye shi ko ya gane mai maganar. Ya ce ya gane. A nan suka kashe shi.

Ina cikin aji a Bakura aka aiko a kira ni. Gwaggo ce da kanta ta hau mashin ta zo, tsohuwar da ko gidan suna sai an lallashe ta take zuwa. Ta ce 'yan sa-kai sun zo daga wajen Maradun da safe sun tafi da taubashina, sun ce shi ne infoma, mai kai wa 'yan bindiga rahoto. Wanda bai zauna yankinmu ba ba zai san nauyin kalmar nan ba. Ba a kai mai ita kotu, ba a jiran shaida, kuma ba kasafai ake dawo da shi ba. Lissafinsu a miƙe yake: mutum biyu ne ke da muryar, ɗan marigayin da mai shago. Ɗa ba zai sayar da ubansa ba. Saura wa?

Gwaggo ta riƙe mini hannun riga ta ce, "Kai ka yi karatun abin ga. Tahi ka gaya musu ɗana bai cin amana." Na ce mata to, amma na san faɗa da baki ba zai fisshe shi ba.

Kawunmu, wanda shi ne babba a cikin mahautan unguwarmu, yana da sanayya da shugaban 'yan sa-kan ta hanyar cinikin dabbobi. Shi ya je ya roƙi arziki, aka ce za a dakata zuwa bayan Juma'a, in akwai mai magana ya zo ya yi. Ni kuma na karɓi makullin shagon na shiga na tura ƙofa rabi. Zafi ake yi kamar a gasa mutum, ga wayoyin jama'a jere a kan allon caji ba mai zuwa karɓa, don tun a ranar mutane sun fara kewaye shagon.

Abin da nake fata shi ne in ga alamar ɓarna. Ina so in ga an saci lambar sirri, ko an canza izinin wata folda, ko an buɗe cikin kwamfutar an cire faifan. Ban ga komai ba. Kusoshin akwatin har da tsatsarsu da ƙurarsu. Foldar dillalin tana nan a kulle, kuma kwamfutar ta nuna ba a buɗe ta ba tun ranar da aka sauke muryar. Da farko na yi murna, na ce ai wannan hujja ce. Sai na tuna wa zan kai wa. In na ce musu ba wanda ya ɓalle kulle, ai na ƙara ɗaure shi ke nan, don mai makulli kaɗai ke ɗaukar kaya ba tare da ɓarna ba. Ba zan ɓoye ba, na zauna a kujerar nan na yi kuka, kuma haushi nake ji, haushin kwamfutar da haushinsa da haushin kaina da karatun da na yi.

Washegari na koma. Wannan karon na bar ɓangaren ajiya, na zauna a kujerar baƙi kamar mai neman waƙa, na shiga bin tarkacen da mutane suka bari. Can cikin wata folda ta waƙoƙin biki na ga wata 'yar manhaja da ba waƙa ba. Na san irinta, masu gyaran waya na amfani da ita wajen dawo da hotunan da aka goge a memori. Ita ba ta bin folda da suna. Kai tsaye take magana da faifai, ta bi shi daki-daki tana tsintar duk abin da ya yi kama da hoto ko murya. Ban ɗauke ta da muhimmanci ba, don kujerar baƙi ba ta da izinin taɓa komai sai memorin mutum da ɓangaren waƙoƙi. Don dai kada in bar abin da ban gwada ba, na kunna ta na nuna mata ɓangaren waƙoƙin.

Girman da ta nuna mini ne ya fara tsayar da ni. Ya fi na ɓangaren waƙoƙi nesa ba kusa ba, girman faifan ne gaba ɗaya. Na bar ta tana aiki, abubuwa suka fara zubowa ba suna, sai lambobi. Na taɓa ɗaya, sai ga hoton wata jaririya a kan tabarma. Na taɓa wani, sai muryar wata mata tana gaya wa mijinta inda suka kwana da suka gudu. Na ci gaba da taɓawa, har na ji wani tsoho ya yi gyaran murya ya yi bisimilla. Ban taɓa ganin dattijon nan ba a rayuwata, amma ban kai ga jimla ta biyu ba na san shi ne.

Bari in yi bayanin abin yadda na yi wa kawu, don shi ma sai da na maimaita. Can ƙasan kwamfuta, a cibiyar manhajar da ke tafiyar da komai, akwai wani ɗan yanki da ake kira direba. Shi ne kaɗai ke magana da faifai, duk mai son karatu ko rubutu sai ya bi ta hannunsa. Aikinsa ne ya tambayi kowa, wane ne kai, kuma ina aka yarda ka taɓa. In ka zo ta hanyar folda yana tambaya tsaf. Amma akwai wani irin umarni da ake aika wa faifai kai tsaye, kuma a kan wannan direban da ke kwamfutar taubashina yana duba abu ɗaya ne kawai, ko kana da izinin wani ɓangare na faifan. In kana da shi, ko da na waƙoƙi ne, sai ya miƙa umarninka ga faifan duka, bai duba iyakar da aka yanka maka ba. Kamar mai gadin da ka nuna wa makullin shagonka, ya buɗe maka rumbunan kasuwa gaba ɗaya. Daga baya da na samu sabis na bincika, na tarar masu manhajar sun daɗe da gano kuskuren sun fitar da gyara. Gyaran ta intanet yake zuwa, kwamfutar kuwa an rantse ba za ta hau ba.

Telan da ke maƙwabtaka da shagon ya tuna wani mutum da ya riƙa zuwa ranakun kasuwa, ya ce shi mai gyaran waya ne, hotunan aurensa ne suka goge yake nema. Yakan daɗe a kujerar. Taubashina har ruwan leda yake saya masa. Ba wanda ya san garinsu, kuma ba a sake ganin sa ba. Har yau ban sani ba ko aiko shi aka yi, ko kuwa tsintuwa ya yi ya san inda ake saye.

Ranar Asabar da safe muka ɗaure kwamfutar a bayan mashin cikin bargo, da ƙaramin janareta a mashin na biyu, ni da kawu muka kama hanyar Maradun. A wani gari kusa da Faru suke riƙe da shi. Hanyar shiru, gonaki ga dawa ta nuna ba mai girbi. Ban daina karanta duk addu'ar da na iya ba har muka isa.

A wani zaure aka karɓe mu. Kawu ya yi gaisuwa doguwa yadda ta kamata, ya yi ta'aziyya, ya tambayi gida da jama'a da haƙurin rashi, ni kuwa ji nake kamar in tsallake duk wannan in fara magana. Shugaban 'yan sa-kan na zaune da bindigarsa ta gargajiya a kan cinya. Dillalin, ɗan marigayin, na gefe ya sunkuyar da kai, bai amsa gaisuwata ba. Na fara bayani da baki, ina direba ina faifai, sai shugaban ya ɗaga hannu.

"Malam, kai ɗan'uwa nai na. Mi za ka ce in ba wanga ba?"

Nan bakina ya so ya ja mini, kawu ya taka mini ƙafa. Na haɗiye, na ce to kada ya yarda da ni. Na roƙe shi ya fita waje shi kaɗai ya faɗi duk abin da ya ga dama a wayarsa, maganar da ba wanda ya ji. Ya fita ya dawo. Na nuna wa ɗaya daga cikin mutanensa da ya iya waya yadda zai sauke ta a ɓangaren ajiya, ya sa sabuwar lambar sirri da hannunsa, ni ina waje na ba su baya. Aka goge ta a wayar. Sannan na dawo na zauna ta ɓangaren baƙi, na ce su matso su gani. Na ƙwanƙwasa foldar, ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Sai na kunna 'yar manhajar.

Ta ɗauki lokaci, janareta na ta ƙara a ƙofar zaure, gumi na zuba mini har cikin ido. Da ta gama na nemi abu na ƙarshe da ya shiga faifan na kunna, sai ga muryar shugaban ta cika zauren, yana kiran sunayen 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya yana sa musu albarka. Fuskarsa ta canza. Ya sauke bindigar daga cinyarsa ya jingine ta da bango.

Dillalin ne ya fara magana, a hankali, bai ɗago ba. "Kenan duk wanda yaz zamna kujerag ga yana iya ɗauka?" Na ce masa haka ne, in dai yana da wannan 'yar manhajar. Ya ce, "To wa za ni riƙe?"

Aka ce a fito da taubashina. Mutum biyu ne suka riƙo shi, don ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa. Hannayensa sun kumbura har yatsun ba sa lanƙwasuwa, igiya ta ci wuyan hannun, ido ɗaya a rufe. An ce duk abin da aka yi masa magana ɗaya yake maimaitawa, cewa amanar da aka ba shi tana nan inda ya ajiye ta, ba ta fita ta wurinsa ba. Shugaban ya ce a yi haƙuri, lokaci ne ya zo da haka. Na buɗe baki, kawu ya sake taka ni, kuma a wannan karon na gode masa, don da na faɗi abin da ke raina da ba mu fita garin nan ba.

Muka sa shi a tsakiya a kan mashin, ina riƙe da shi ta baya. Da muka yi nisa muka tsaya ƙarƙashin wata tsamiya don ya sha ruwa, ni nake riƙe masa gorar. Murna ta cika ni, na shiga zuba kamar yadda na saba, ina gaya masa yadda na gano abin, da mutumin hotunan aure, da direban da ba ya duba iyaka, da gyaran da ya daɗe da fitowa. Ina jira ya ce alhamdu lillahi. Sai na ga ya daina shan ruwan, yana kallona da idon nan guda.

"Kana nuhin cikin kwamfutata anka ɗauke ta?"

Na ce e, amma ba laifinsa ba ne, kuskuren waɗanda suka rubuta manhajar ne, mutanen da ba su ma san akwai wani gari Mafara ba.

Sai ya ce, "Ashe dai gare ni tah hita. Ni ko ina ta yi musu rantsuwa."

Duk dukan da aka yi masa an ce bai zubar da hawaye ba, a gindin tsamiyar nan ya yi kuka. Sai a lokacin na gane cewa abin da ya riƙe shi a hannunsu shi ne tabbacin da yake da shi, ni kuma na zo da hujjar da ta ceci ransa ta kuma ƙwace masa wannan tabbacin. Kafin mu tashi ya ce kada mu kai shi gida, mu fara bi ta wurin masu sauke waya da ke Mafara a gaya musu, kowa ya aika ƙauyensu cewa abin da ya ajiye yana iya kasancewa a hannun mutanen daji. Haka aka yi. Gidaje da dama sun taso a makon nan sun bar amfanin gonarsu a tsaye.

Yana nan da rai. Yatsunsa biyu ba su koma daidai ba, bai sake buɗe shagon ba, ya koma rumfar kawu yana taya shi zama. Har gobe akwai waɗanda in ya wuce suke rage murya, don labarin kama shi ya je ko'ina, labarin wanke shi kuwa bai wuce zauren nan da gidanmu ba. Na bar tsokanar sa, shi ma bai nema ba.

Abin da na koya ban same shi a aji ba. Na daina cewa abu a kulle yake don kawai na taɓa ƙofar gaba na ji ta gam, sai na tambayi wa ke tsaron ta ƙasa, me kuma yake dubawa kafin ya ba da hanya. Na kuma daina yanke wa mutum hukunci don na rasa wata hanyar da abu zai faru in ba ta wurinsa ba. Rashin ganin hanyar gajiyawata ce, ba shaida ba ce a kansa, kuma na ga yadda ta kusa cin ran mutumin da bai taɓa cin amanar kowa ba.